Amsa: Wane shayi ya kamata in saya a Ingila?

Ɗan'uwa, ka ce tafiya Ingila ta kama ka, kuma kana so ka san shayin da mutanen can suke sha kullum da wanda ya cancanci tsaraba. Na yau da kullum dai baƙin shayi ne mai ƙarfi, wanda akasari ake haɗa ganyen Assam na Indiya da na Kenya a ƙulla a 'yan jakunkuna, kamar Yorkshire Tea da PG Tips da Tetley. Duk wani babban kanti irin su Tesco yana sayar da su, kuma kwali mai jaka 240 ya fi ƙaramin sauƙi idan aka kasafta kuɗin. Ba sa dafa shi a kan wuta. Tafasasshen ruwa suke zubawa, su bar shi minti 3 zuwa 5, sannan su ɗiga madara kaɗan.

Na musamman kuwa, gara ka sayi ganyen da ba a ƙulla ba. Earl Grey yana da ƙanshin man ɓawon wani lemo da ake kira bergamot, shi kuma Darjeeling ba shi da nauyi, don haka madara takan danne ɗanɗanonsa. Shagon Twinings da ke titin Strand a Landan yana nan tun 1706. Fortnum & Mason na Piccadilly ma yana da su, sai dai a ganina wani kaso na kuɗin na kyan gwangwani ne. Idan waɗanda za ka kai wa masu son madara da sukari ne sosai, Assam zalla ko English Breakfast zai fi gamsar da su.