Lambar M17 a Katin Asibiti: Likita Ya Amsa Tambayoyi kan Ciwon Gwiwa

Assalamu alaikum. Da shigowar hunturu tambayoyin gwiwa suka yi yawa, kuma uku daga cikinsu sun taɓo abin da ba a cika yi wa marar lafiya bayaninsa ba, wato abin da likita ke rubutawa a fayil.

Wata Hajiya mai shekara 58 daga Mabera ta ce: "Likita, shekara uku ke nan gwiwoyina biyu na ciwo, har sallah ta koma mini a kan kujera. Na ga M17.0 a takardar da aka ba ni in kai ofishin inshorar lafiya. Wata muguwar cuta ce ake ɓoye mini?"

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya, ki kwantar da hankalinki, babu abin da ake ɓoye miki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundi mai suna ICD wanda ya ba kowace cuta lambarta, domin likitan Sakkwato da na Alƙahira su fahimci juna ko da harshe ya raba su, kuma bugu na 10 da aka fara aiki da shi a 1994 ne taki lambar ta fito daga ciki. Harafin M na cututtukan ƙashi da gaɓɓai da tsoka ne, 17 kuma zaizayewar gwiwa, sifilin ƙarshe yana nufin gwiwa biyun ne suka kamu ba tare da wani rauni ko wata cuta ta jawo ba.

A bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Shekaru da nauyin jiki kan cinye shi a hankali, ƙashin ya yi 'yan tsiro a gefe, shi ya sa kike jin ƙaras-ƙaras idan za ki miƙe daga tabarma, ƙafar kuma ta sandare da asuba amma ta saki kafin rabin awa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 365 ke fama da wannan a gwiwa, kuma cutar ta fi kama mata. Rage ƙiba da ƙarfafa tsokar cinya da sauya masai na tsuguno zuwa na zama sun fi kowace ƙwaya amfani na dogon lokaci. Ina kuma roƙonki kada ki riƙa sayen diklofenak a kemis kina sha kullum, domin yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya kuma tayar da hawan jini.

Wani ma'aikacin ɗakin adana bayanai a wani babban asibitin ƙaramar hukuma ya ce: "Sau da yawa likita kan rubuta ciwon gwiwa kawai ya sa hannu. Wace lamba zan ba wannan?"

Malam, wannan tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ciwon gwiwa koke ne da marar lafiya ya zo da shi, ba sunan cuta ba ne, lambar da ta dace da shi ita ce M25.5, ta ciwon gaɓa. Idan likita ya ambaci zaizayewa amma bai ƙara komai ba, sai M17.9, wadda ke nufin ba a fayyace ba. Kada ka yi hasashe, ko da ka ga shekarun mutumin sun kai 70. Ka mayar da fayil ɗin ga wanda ya rubuta ya cika, domin shi ya ga gwiwar, kai takarda ka gani.

'Yan uwana likitoci, na san layin da ke bakin ƙofa, na san a zafin watan Afrilu mutum kan ga marasa lafiya masu yawa kafin azahar, amma abin da ake buƙata bai wuce layi biyu ba: wace gwiwa ce, dama ko hagu ko duka, kuma da kanta ta zaizaye ko wani abu ya gabata. Gwiwa ɗaya ba tare da sanadi ba M17.1 ce. Idan rauni ya jawo, M17.2 ce a ƙafa biyu, M17.3 a ƙafa ɗaya, M17.4 da M17.5 kuwa na wadda wata cuta daban ta haifar ne. Bugu na 10 na kundin Hukumar bai raba dama da hagu a lamba ba, na Amurka ne ya yi haka da M17.11 da M17.12, saboda haka dole a rubuta ɓangaren da kalmomi. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, inda cutar ta koma FA01, shi ma bayanin likita yake jira.

Na taɓa karɓar wani dattijo da aka turo daga wani asibiti da takardar da babu komai a cikinta sai "sanyin ƙashi". Da na ɗaga wandonsa na ɗora bayan hannuna, gwiwar ta kumbura tana sheƙi, zafinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ga zazzaɓi. Mugunya ce a cikin gaɓar, wadda kan lalata gwiwa cikin kwanaki. Da an rubuta cewa kumburin kwana huɗu ne da farawa, da ba a bar shi a layin masu tsohon ciwo ba.

Wani direba daga Wurno ya ce: "Hotona ya nuna mataki na 2, amma ciwon ya hana ni barci, abokina mai mataki na 4 kuwa yana zuwa gona. Na kuma taɓa karyewa kusa da gwiwar a haɗarin babur, mai ɗori ya gyara. In faɗa wa likita?"

Malam, matakan nan daga 0 zuwa 4 wasu likitocin Ingila biyu ne, Kellgren da Lawrence, suka tsara su a 1957, kuma ƙashi suke aunawa a hoto, ba raɗaɗi ba, don haka bambancinka da abokinka ba abin mamaki ba ne. Ka dai tabbatar a tsaye aka ɗauki hoton, domin a kwance gibin da ke tsakanin ƙasusuwan kan fito da faɗi fiye da yadda yake.

Batun karaya kuwa lallai ka faɗa, har da zuwa wurin mai ɗori, kada kunya ta hana ka. Ƙashin da ya haɗe a karkace yana tura nauyi gefe guda na gwiwa, wannan kuma yana mayar da lambarka daga M17.1 zuwa M17.3, yana kuma sauya shawarar likitan ƙashi idan magana ta kai ga tiyata. Ranar da za ka koma, ka tafi da tsofaffin hotunanka, ka faɗi shekarar haɗarin, ka kuma faɗi ko raka'a nawa kake iya yi a tsaye kafin gwiwar ta tilasta maka zama, ka nemi a rubuta shi a fayil.