Ta Haihu Tana JHS 2, Ko Za Ta Iya Komawa Makaranta?

Tambaya: 'Yar ƙanwata ta yi ciki tana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, yanzu ta haihu. Mutanen gida na cewa karatu ya ƙare, a aurar da ita. Shekarunta 15. Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, karatunta bai ƙare ba. Tun 2018 Hukumar Ilimi ta Ghana, GES, ta fitar da ƙa'idar da ke ba yarinyar da ta haihu damar komawa aji. Dokar Yara ta 1998 kuma ta hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba.

Ki je wurin hedimasta da kanki, kada ki aiki yaro. In ya yi ta ja miki rai, ofishin GES na gunduma yana da jami'ar ilimin 'yan mata, ita za ki nema. In gorin 'yan aji ne abin tsoro, a nemi canjin makaranta.

Inda aka fi samun cikas shi ne raino. Da yawa daga cikin 'yan matan da suka haihu ba korarsu ake yi ba, rashin mai riƙe jariri daga safe zuwa azahar ne ke zaunar da su. Ku tsayar da mai rainon tukuna, sannan a tabbatar sunanta ya shiga rajistar BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, idan ta kai JHS 3.