Amsa: Shin aikin Scott O'Neill kan sauro ya rage cuta da gaske?

Ka tambaya ko binciken masanin kimiyya Scott O'Neill kan ƙwayar Wolbachia ya rage cuta a zahiri, ko kuwa ya tsaya a ɗakin gwaji. Ya rage, kuma an auna. Wolbachia bakteriya ce da ke zaune a jikin ƙwari da yawa, amma ba a saba samun ta a sauron Aedes aegypti mai yaɗa zazzaɓin denge ba. Tawagar O'Neill ta shigar da ita jikin sauron, domin tana hana ƙwayar cutar denge yawaita a jikinsa, aka fara sakin sa a Cairns ta Ostireliya a 2011. A gwajin birnin Yogyakarta na Indonesiya, wanda aka wallafa a 2021, kamuwa da denge ta ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya a asibiti kuma da kashi 86.

Abin da ya fi burge ni a shekarun da na yi ina bibiyar aikin shi ne ƙwayar kan ɗore da kanta, domin uwa na gadar wa 'ya'yanta ita ta cikin ƙwai, kuma idan namiji mai ɗauke da ita ya sadu da macen da ba ta da ita, ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa. Sai dai akwai sharaɗi: tsananin zafi yana rage yawan ƙwayar a jikin sauro tun yana tsutsa, don haka a wurare masu zafi dole a riƙa kama sauro ana dubawa bayan an sake shi.