Tambaya da Amsa: Tabon da Ke Fitowa a Jikin Mota Bayan An Shafa Seramik

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaranjiya aka shafa wa baƙar motata seramik. Da na fito da ita rana sai na ga wasu wurare a ƙofa da murfin inji sun yi duhu-duhu, wani wurin kuma launi-launi kamar mai ya ɗiga a ruwa. Na goge da tsumma bai fita ba. Fentin ne ya ƙone?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fentinka lafiya lau yake. Ragowar maganin ne da ba a kwashe a kan lokaci ba ya daskare a wurin. Seramik ruwa ne da ake shafawa a kan fentin mota don kare shi, mai ɗauke da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Idan an shafa, sinadarin da ya narkar da shi sai ya tashi, abin da ya rage ya ƙame ya zama siririn rufi da kaurinsa bai wuce maikron 1 zuwa 2 ba (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Tsakanin shafawa da gogewa galibi minti 1 zuwa 5 ne, amma a zafin bazara irin na Kano, ko a kan murfin injin da bai huce ba, ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Duk inda tawul ya tsallake, nan zai yi kauri ya yi duhu, kuma baƙar mota ba ta ɓoye irin wannan.

Gyaran ya danganta da tsawon lokacin da tabon ya yi. Da a cikin awa ɗaya ko biyu aka gan shi, ɗigo biyu na seramik ɗin a kan soson shafawa sun isa: a sake jiƙa wurin, sabon ya narkar da tsohon, a goge nan take. Naka ya kwana biyu, ya riga ya kama, sai folish.

A wanke wurin ya bushe, a kewaye shi da tef ɗin masu fenti. A sa folish mafi laushi a soso mai taushi, a fara murzawa da hannu, a goge a duba. In bai tafi ba sai a ɗauko injin folish a sa shi a ƙaramin gudu, a bi wurin sau biyu ko uku. Folish yana barin maiƙo, seramik kuwa ba ya kama maiƙo, don haka a share da sinadarin IPA, wani nau'in sifirit na goge-goge: in mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari ne, awo ɗaya a awo uku na tataccen ruwa. Sannan a sake shafawa. In tabon ya yi yawa a ƙofa guda, gara a goge duk ƙofar a sake ta daga gefe zuwa gefe, domin faci yakan nuna.

Kada ka bari a sa mata sanfefa, ko tina, ko fetur. Shafin saman fenti marar launi, wanda ke ba mota sheƙi, kaurinsa maikron 40 zuwa 50 ne kacal, kuma abin da aka cinye daga gare shi ba ya dawowa. Wanda ya yi aikin shi ya kamata ya gyara. Ka ce ya yi a inuwa da sassafe, ya riƙa shafa faɗin santimita 50 a 50, ya goge da tawul ɗin maikrofaiba biyu, na farko ya kwashe, na biyu ya baje, kuma ya haska tocila a karkace kafin ya matsa gaba.

Tambaya: Kwana huɗu da yin seramik yaron gida ya wanke mota da ruwan burtsatse ya bar ta a rana. Yanzu duk jikinta fararen zobe-zobe ne. An ce mini seramik yana hana tabon ruwa.
Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Hajiya, wanda ya faɗa miki haka ya yi ƙari. Seramik yana sa ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya kuma in ta bushe a rana sai ta bar gishirin kalsiyam da magniziyam ɗin da ke cikinta a wuri guda. Ruwan burtsatse da na rijiya sukan ɗauko wannan gishiri da yawa. Ga shi kuma rufin bai gama ƙarfi ba: yawancin kamfanoni suna cewa kada ruwa ya taɓa shi awa 24 na farko, kada a wanke da sabulu sai bayan mako guda.

Ki bari makon ya cika tukuna, a inuwa. Sai a wanke, a haɗa farin binega da tataccen ruwa daidai wa daida, a jiƙa tawul a ɗora a ƙaramin wuri na daƙiƙa 30 zuwa 60, a ɗauraye sosai, a tsane. A yi ne jikin motar na da sanyi, kuma kada a bar haɗin ya bushe a kai. In zoben ya tafi, dama a sama yake zaune. In an maimaita sau biyu yana nan, to ya ci cikin rufin, sai folish da sabon shafi kamar yadda muka faɗa wa mai tambayar farko. Nan gaba duk wanki a bi shi da tsanewa nan take.

Tambaya: A jikin kwalbar seramik ɗin da aka shafa wa motata an rubuta 9H, amma tun shigowar hunturu nake ganin siraran layuka masu zagaye in rana ta haska motar.
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Malam, wannan 9H ma'aunin taurin fensir ne, ba na duwatsu ba. Ƙurar hunturu cike take da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi rufin tauri nesa ba kusa ba. Al'adar nan ta kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya ita ce ke zana layukan. A fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka, sannan a wanke da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Omo na kayan sawa ne.

Sai dai in tun ranar da ka karɓi motar layukan suna nan, to a ƙarƙashi suke: ba a gyara fentin ba aka shafa. Seramik ba ya cike karce, rufe shi yake yi ya ƙara masa haske. Ko wanne ne, folish kaɗai ke fitar da su.

Tambaya: Mai fenti ya sake mini ƙofa ɗaya, bayan mako aka shafa seramik. Yanzu ƙofar ta dushe, da ƙananan ƙuraje.
Mai karatu daga Sakkwato

Amsa: Alhaji, an yi gaggawa. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina har kwana 30 zuwa 90, gwargwadon irinsa da yadda aka busar da shi, rufin kuma ya tare masa hanya. A cire seramik ɗin ƙofar da folish, a bar ta ta sha iska wata biyu. In dushewa ce kawai za ta washe. Ƙurajen kuwa a cikin fentin suke, sai ka mayar wa mai fenti ya kankare ya sake fesawa.