Faɗa-wuta: fitila zan saya ko kyamara?

"Malam, ni malamin firamare ne a Aboabo, nan Kumasi. Tun da ruwa ya sauka nake ganin faɗa-wuta iri-iri a bangon masallacinmu, ƙarƙashin fitila, har na fara ɗaukarsu hoto da waya. Ina da 'yan kuɗin da na tara. Wani mai shago a Adum ya nuna mini fitilar nan mai shuɗin haske da ke ƙone sauro, ya ce babu kamarta wajen jawo su. Abokina kuma ya ce kyamara zan saya. Da wanne zan fara?"

Malam, mai shagon bai yi maka ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa. Fitilar tana jawo faɗa-wuta sosai, amma a kewaye take da wayoyin lantarki, duk wanda ya taɓa su ya ƙone. Za ka wayi gari da tarin gawa, fikafikai a babbake, ka kasa gane ko ɗaya. Sauron ma da aka yi ta dominsa bai cika kula ta ba, domin shi numfashin mutum da warin jikinsa yake bi. Kyamara kuma ta jira tukuna.

Abin da za ka saya uku ne, kuma na ukun ya fi sauran araha. Na farko ƙaramar fitilar LED mai hasken UV, wadda ake jona wa batirin cajin waya. Ka duba jikin kwalin, in ka ga an rubuta 365 ko 395, ita ce. Irin hasken da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da shi ke nan, idon faɗa-wuta yana ganinsa fiye da namu. Na fi son mai batiri a kan mai jona wa bango saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki: daren da aka ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, ranar ce kasuwarka ke ci, don fitilarka ba ta da kishiya. Amma ka kiyayi wadda aka rubuta wa UVC, ta kashe ƙwayoyin cuta ce, tana ƙona ido da fata. Ko waccan mai lafiyar ma kada ka ƙura mata ido. Tsofaffin masu wannan sha'awa suna yabon ƙwan fitila mai sinadarin makuri, kuma lalle yana jawo su da yawa, sai dai yana zafi ƙwarai, ɗigon ruwan sama kan iya fasa shi. A Kumasi kuwa, inda hadari ke haɗuwa kafin ka gama alwala, ban ba ka shawararsa ba.

Na biyu farin yadi, kamar yadi biyu, na auduga mara ƙyalli. A kasuwar Kejetia za ka same shi. Ka shanya shi a igiya ko ka manna shi a bango, ka rataye fitilar a gabansa, ka bar gefe guda ya kwanta a ƙasa, domin wasunsu ƙasa suke faɗawa. In ka samu kiret ɗin ƙwai na takarda guda biyu ka jingina a gindin yadin, su shiga lungunansa su lafa.

Ga wani abu da ya kamata a gaya mini tun farko ba a gaya mini ba. Daren da na fara, na shanya farin yadina a tsakar gidanmu na haya bayan isha'i, na kunna shuɗiyar fitila, na tsuguna ina leƙe. Wata dattijuwa ta fito za ta kewaya, ta yi turus, ta koma ɗaki tana salati. Kafin asuba labari ya gama gida cewa na shimfiɗa likkafani ina wani aiki. Sai da na bi ɗaki-ɗaki da waya ina nuna hotuna kafin a saki jiki da ni. Saboda haka ka sanar da mai gida da maƙwabta da rana tsaka, ka gayyaci yara su zo kallo. Yaran ma sun fi mu ido, su za su nuna maka ƙananan da ka tsallake.

Na uku littafin rubutu, irin na ɗalibanka. A nan ne aikin yake. Kowane dare ka rubuta kwanan wata, lokaci, ko an yi ruwa, ko akwai iska, da nawa ga watan Musulunci. Wannan na ƙarshen ba don ado ba ne. Idan farin wata ya haska, fitilarka ba ta da kwarjini, kaɗan za su zo. Daga wajen 20 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabon wata ne sararin sama ke duhu bayan isha'i, a nan za ka ga cikowa, musamman daren da ake zufa, ga gajimare, babu iska. Daminar Kumasi biyu ce, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma in hunturu ya shigo a Disamba za ka ga yadin ya koma kusan fayau. In ka shekara kana rubutawa a wuri ɗaya, za ka san wane iri ke fitowa a wane wata a Aboabo, abin da mai tsadar kyamarar da ya zo sau ɗaya ba zai taɓa sani ba.

Ka kuma lura da yadda suke yi, kada hankalinka ya tsaya ga launi kawai. Mun taso muna cewa son wuta ne ke kai su. A wani bincike da aka wallafa a 2024, masana sun ɗauki tashinsu da kyamara mai saurin gaske, suka ga cewa ƙwaron bayansa yake juya wa haske, domin a dawa wurin da ya fi haske shi ne sama, da haka yake gane sama da ƙasa. Fitila na rikita masa wannan lissafi, ya yi ta kewaya ta ya kasa fita. Ka tsaya gefe ka duba, za ka ga yana tashi a karkace. Masu kaurin jiki da siraran fikafikai kamar jirgin yaƙi, idan suka sauka za ka ga suna karkarwa kafin su sake tashi, ɗumama jiki suke yi. A cikinsu akwai mai zane kamar ƙoƙon kan mutum a gadon baya, wanda ke shiga amya ya sha zuma, in ka taɓa shi ya yi ƙara kamar ɓera. Manyan nan masu faɗin tafin hannu da zanen idanu a fikafikai sukan makara, sai dare ya raba. Ba su da bakin cin abinci, kwanaki kaɗan suke yi a duniya, su yi ƙwai su mutu. Namijin za ka gane shi da ƙahonninsa masu kama da gashin tsuntsu, da su yake shinshino mace daga nesa.

Wasu kuma fitila ba ta dame su ba. Su sai da ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce, a dama da sukari a bari ya kwana biyu ya yi tsami, a shafa a jikin itace da magariba. Masu huda lemo a gonaki, waɗanda manoma ke kuka da su, ta haka ake ganinsu, idanunsu na ƙyalli kamar garwashi in ka haska su.

Hattara da wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke zuwa fitila. In ya hau ka, hure shi za ka yi, kada ka murtsuke shi, ruwansa yana ɗaye fata kamar ƙuna. Kuma ka kashe fitila ka kakkaɓe yadin cikin ganye kafin gari ya waye, in ba haka ba ka haɗa wa tsaka da kaji walima.

In kuɗi sun yi saura, ka sayi ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kyamarar waya don ɗaukar ƙananan abubuwa. Sunayensu kuwa, manhajar iNaturalist kyauta ce: ka ɗora hoto da wuri, masana su taimaka. Irin faɗa-wutan da aka sani a duniya sun kai wajen 160,000, don haka kada ranka ya ɓaci idan wani hoton ya yi wata shida ba wanda ya tanka. Ranar da ka samu hutu ka hau trotro, wato motar haya, zuwa dajin Bobiri, kusa da Kubease a hanyar Accra. An san shi da malam-buɗe-littafi ne, amma ka nemi izinin ma'aikatan wurin ka shanya yadinka dare ɗaya, ka gwada da abin da kake samu a gida.

"Malam, ɗana ya ɗauki wannan ɗabi'a a gidanmu a Nima, nan Accra, ni kuma tsoro nake kada su cinye mana kaya. In sayi kafur ne ko maganin feshi?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Asun da ke cin tufafi ɗan mitsitsi ne, gudun haske ma yake yi, kuma tsutsarsa ce ke ɓarnar, ulu da siliki take nema. Waɗanda yaron ke tarawa a yadi ganye da ruwan fure suka sani. Wani abin ma, zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a ƙasar Hausa, daga gidan tsutsar wani faɗa-wuta ake samo shi. Kada ki sayi feshi. Ki riƙa shanya bargo da rigunan sanyi a rana lokaci-lokaci, ki ajiye su wankakku a akwati mai rufuwa sosai. In kin sa kafur, ki ɓoye shi daga ƙananan yara, guba ne, kuma kama yake da alewa. Yaron kuma ki ce masa ya matsar da fitilar nesa da taga, ya rufe ƙofa in ya kunna.