Ƙugiya ɗaya, rim 10

Wai kana tambaya ta ina za ka fara da littafin da malamin firamaren nan ya kawo, rubutun hannu duk goge-goge da kibiyoyi, har ya zama abin da za a buga a raba wa mutane. To ajiye wayar nan tukuna, yaro. Ba na magana da wanda idonsa ke kan gilashi.

Zancen jera shafi da zaɓen girman harafi ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wata 8 kana share shagon nan, in har yanzu ba ka san littafin da aka ninke daga A4 dole shafukansa su rabu gida 4 ba, gara ka koma gona tun damina ba ta wuce ba.

Abin da ya cuce ni shi zan gaya maka. Wani Alhaji ne daga wani ƙauye can wajen Maigatari, ya zo mini wata ranar Alhamis bayan ya tashi daga kasuwa, da tarihin gidansu a cikin leda. Rabi a littafin makaranta, rabi a bayan takardar siminti, wani wuri boko, wani wuri ajamin da ko wasali babu. Yana son kwafi 500, shafi 40, kafin bikin 'yarsa. Ka yi lissafi: falle 10 kowane kwafi, falle 5,000 ke nan, rim 10 cif. Da kuɗina na hau mota na sayo takardar a Kano, da kuɗina na zuba wa janareto mai, don ya ce mini "haba Malam, ai mun zama ɗaya."

A shafi na 17 ya rubuta "dagaci ya bata rijiyar garin". Ni kuwa lokacin ina ji da kaina a kan ƙugiya. A tafireta na koyi aikin nan, inda sai an gama bugu a bi da biro ana lanƙwasa wa b da d da k kai ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin "bata" na ce Alhaji ya manta ƙugiya, na gyara masa: "dagaci ya ɓata rijiyar garin". Ashe kakar Alhajin ake nufi. Dagacin ba ta rijiyar ya yi, kyauta, bayan mijinta ya rasu. "Ba" daban, "ta" daban, shi ya haɗe su, ni kuma na ƙarasa ɓarnar. Mutumin da ya yi alheri na mayar da shi mai lalata ruwan shan jama'a, kuma jikokinsa ne ke riƙe da sarautar har yau.

Kuskurena ne, ban musa ba. Amma na ba shi gwajin bugun ya tafi da shi gida kwana 3, ya dawo ya ce "madalla, a buga". Ko buɗewa bai yi ba. Da magana ta tashi a ƙauye sai ya rantse bai taɓa ganin takardar ba, ni na ƙirƙira. Muka je gaban mai unguwa, aka ce ina shaidata. Wace shaida? Babu sa hannu, babu kafin alƙalami. Ko sisi bai ba ni ba, kuma daga baya na ji ya kwashi aikin da na yi wahalar tsarawa ya kai wani shago, an gyara kalma ɗaya an buga masa. Nawa kuwa mai ƙosai ta bakin tasha ce ta ƙare su da ƙunshi. Har yau in na gan shi a jana'iza sai na canja sahu.

Saboda haka malamin nan, kar ka taɓa kwamfuta sai ka zaunar da shi a kan bencin can ya karanta maka da bakinsa, kana bi da jan biro. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, kar ka yi masa hasashe. Sunan mutum da sunan gari a maimaita sau biyu. In ya rubuta shekara ka tambaye shi ta Hijira ce ko ta Miladiyya, don tsofaffinmu suna cakuɗa su: 1218 da 1804 duk shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu ce. Inda ya maimaita labari ka nuna masa, shi zai zaɓi wanda za a cire.

Ku 'yan yanzu ma naku ya fi nawa muni. Tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya da Hausa tsaf, ku kuwa da waya a hannu ba ku raba "kafa" da "ƙafa", sai "slm" da "ykk". Jiya na ga ka rubuta "yace" a haɗe a katin suna, na yi shiru ne kawai saboda akwai baƙo.

In ka fitar da gwaji, ya sa hannu a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba, ya kuma ajiye rabin kuɗi. Littafinsa na asali ka yi masa hoto kafin ka mayar. Tashi ka kirawo shi, an kusa tashi daga makaranta, ka biya ka sayo jan biro a hanya, wancan ya bushe.