Ina buɗe Littafi Mai Tsarki, amma zuciyata a bushe take

Tambaya: Malam, shekara 6 ke nan da na karɓi Yesu. Da farko ba na gajiya da addu'a, amma yanzu da na buɗe Littafi Mai Tsarki sai barci ya kwashe ni, ko hankalina ya koma kan waya. Yaya zan yi marmarin Allah ya dawo mini?

Amsa: 'Yar'uwa, damuwar nan taki ta ƙarfafa mini gwiwa, domin mai rai ne yake damuwa idan bakinsa ya ƙi abinci.

Inda yawancinmu muke kuskure shi ne jiran sai marmari ya zo kafin mu durƙusa. Ki dubi majinyacin da ya daɗe a kwance. Ba a jira sai ya ce yana jin yunwa. Cokali biyu ake ba shi, an jima a ƙara, da haka bakinsa yake buɗewa. Haka ruhu yake, ci ne yake jawo marmarin ci.

A Fitowa sura 16, kowace safiya Isra'ilawa suke fita tsintar manna, abincin da Allah ya ba su a jeji, wanda ya ɓoye ta don gobe kuwa sai ya tarar ta yi tsutsa tana wari. Shekara 40 suna haka. Shi ya sa wa'azin Lahadi, komai daɗinsa, ba zai riƙe ki har Asabar ba. Daniyel ma, da aka kafa dokar hana addu'a, bai ƙirƙiro wani sabon abu ba. Ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba (Daniyel 6:10).

Ki ware minti 15, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, wayar kuma ki bar ta a wani ɗaki. Ki fara da Bisharar Markus, surori 16 ne kawai a cikinta. Ki karanta da murya, hakan yana rage gyangyaɗi. Ayar da ta taɓa ki, ki rubuta ta a 'yar takarda ki sa a aljihu, da tsakar rana ki sake dubawa. Ranar da bakinki ya rasa abin faɗa, ki mai da Zabura 63 addu'arki. A jejin Yahuza Dawuda ya yi ta, kuma kukan ƙishin Allah yake yi.

Amma ki bincika, wani lokaci gajiyar jiki ce kawai. Da Iliya ya karaya a 1 Sarakuna 19, barci ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ci abinci har sau biyu, kafin ya kama hanyar Dutsen Horeb. Idan kuma akwai wadda take riƙe da ke a zuci, ki je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24).

In kwana ɗaya ya kuɓuce miki, kada ki ɗauke shi bashi, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya. Ki kuma samu 'yar'uwa ɗaya a ikkilisiyarku wadda za ta riƙa tambayarki duk mako abin da kika karanta.